Elmina, tashar masunta da aka gama ginawa bayan kifin ya yi nisa

Makon jiya bayan la'asar muna zaune a gindin ɗorawar bakin kasuwa ana ta musu kan alƙawarin da wani ɗan siyasa ya yi mana, ba sai na kama suna ba don duk wanda ya taso a yankin Guri da Kiri Kasamma ya haddace irin wannan alƙawarin, wai za a gina mana matsayar jirage ta kankare a bakin ruwa da rumfar kasuwa da ɗakin sanyi na ajiye kifi. Samari sai murna suke, har wani ya fara lissafin zai buɗe shagon ƙanƙara. Baba, ƙanin mahaifina, wanda ya fi shekara arba'in yana su, bai ko ɗago kai daga komar da yake ɗinki ba ya ce, "To ɗakin sanyin me za a zuba a ciki, kachalla?" Yana nufin ciyawar nan da ta toshe mana ruwa. Aka kwashe da dariya. Ni dai dariyar ba ta zo min ba, saboda na taɓa tsayawa da ƙafata a wurin da aka yi wa masunta irin wannan aikin, kuma ba ƙaramin aiki ba, na kuɗin da ko jiharmu aka ce ta fitar sai ta yi gumi, na kuma ji abin da masuntan wurin suke faɗa bayan an yanke ƙyalle baƙi sun watse.

Sunan garin Elmina, a gaɓar tekun Gana. Ƙarshen 2023 na je Kumasi bikin 'yar kawuna da ya daɗe a zango yana harkar albasa, da aka gama biki ɗansa ya ce tunda ni ɗan banda ne, sana'ar gidanmu kenan, bai kamata in koma ban ga inda ake kifi na gaske ba. Muka hau mota muka gangara kudu, muka wuce Kef Kos, daga nan Elmina bai fi kilomita 12 ba ta yamma.

Abin da ya fara tarbata wari ne, ƙarnin ɗanyen kifi da hayaƙin banda da gishirin teku duk a haɗe, ni da na tashi cikin ƙarni sai da na ji ashe namu na yara ne. Akwai wata gada a tsakiyar gari, in ka tsaya a kanta ka leƙa ƙasa ruwan ma ba ka ganinsa sosai don jirage, an jera su ciki da ciki kamar takalma a ƙofar masallacin Juma'a, kowanne da tutoci, an yi masa fenti ja da shuɗi da rawaya, wani an rubuta masa ayar Baibul a jiki, wani tambarin Chelsea, wani tutar Amurka ko ta Birazil, ba don mai shi ya taɓa zuwa can ba, don dai matarsa ta gane jirginsu tun daga nesa. Mata da manyan daruka na alminiyon suna shiga ruwa har gwiwa. Ta gefe guda kuma ga wani farin gini na dutse, tsoho, ya zauna a kan tsauni a bakin teku kamar shi ya haifi garin.

A gaskiya ma ba shi ya haifi garin ba, ruwan da ke ƙarƙashin gadar ne ya haifi su duka biyun. Mu mutanen tudu in an ce teku muna ɗauka duk inda ka ga dama sai ka tura jirgi ka shiga, kamar yadda muke yi a gulbi. Ba haka ba ne. Gaɓar Gana kusan miƙaƙƙiya ce, ba ta da lungunan da jirgi zai fake, igiyar ruwa tana tasowa tun daga can tsakiyar Atlantika ta zo ta daki yashi da ƙarfin da zai kife jirgi da mutum ashirin a ciki. A yawancin ƙauyukan bakin tekun sai an taru da igiya ana waƙa an jawo jirgi har kan yashi duk dawowa. Elmina kuwa Allah ya ba ta wani tafki mai suna Benya wanda bakinsa ya buɗe cikin teku, ga dutse ya tokare ta gefe ya kare shi, saboda haka jirgi zai shigo daga haukan teku ya sami ruwa kwance kamar na kududdufi. Wannan ɗan bakin ruwan shi ne duk arzikin garin, kuma duk wanda ya zo daga baya, Bature ko gwamnati, shi ya zo nema.

'Yan Fotugal ne suka fara isowa a 1471, suka tarar mutanen wurin suna da zinariya a hannu, shi ya sa suka kira wurin Mina, wato mahaƙa, daga nan sunan ya samo asali, su kuwa 'yan gari har gobe Edina suke cewa. A 1482 wani kwamandansu Diogo de Azambuja ya zo da magina da kayan aiki ya gina wannan farin ginin a matsayin sansani bayan sun yi ciniki da sarkin wurin, Kwamena Ansa. Ku lissafa, zamanin Muhammadu Rumfa yana sarautar Kano kenan, to tun lokacin ginin yake tsaye. A 1637 mutanen Holan suka hau tudun da ke kallonsa suka girke igwa suka ƙwace shi, daga baya suka gina wani sansanin a kan tudun don kar wani ya yi musu irin abin da suka yi. A hannunsu cinikin bayi ya fi ƙamari. Na shiga ɗakunan ƙasan da ake tara mutane, na ga 'yar ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi, wadda ƙato sai ya karkace zai wuce, kuma ban so in daɗe a kan wannan don ba shi na zo faɗa ba, amma duk wanda ya san hanyar fataken Gwanja da kasuwar Salaga ya san cikin waɗanda suka bi ta ƙofar nan akwai mutanen arewa, ba goro kaɗai ake ciniki a hanyar ba.

Abin da ya shafi maganarmu shi ne, duk waɗannan shekaru ɗaruruwa manyan jiragen Turawa ba sa iya matsowa gaɓa. Can nesa suke tsayawa, 'yan gari ne da kwale-kwalensu suke ratsa igiyar ruwa su kai kaya su ɗauko kaya. Wato Bature da igwarsa da komai, in matuƙan Edina suka ƙi fita, ya zauna. Gwanintar da masuntan yau suke taƙama da ita daga can suka gaje ta.

A 1872 Holan ta miƙa wa Ingila wurin. 'Yan gari da yawa ba su yarda ba don su abokan Asante, masarautar Kumasi, ne tun fil azal, sarkinsu Kobina Gyan ya ƙi miƙa wuya aka kama shi aka kai shi Saliyo, a watan Yunin 1873 kuma Ingilishi suka yi wa tsohon garin ruwan wuta suka ƙone shi ƙurmus, har yau filin da ke gaban ginin fayau yake ba a sake zama ba. Wani abin da ba kowa ya sani ba a nan gida, a yaƙin da Ingila ta yi da Asante a wannan lokacin har da rundunar da suke kira ta Hausawa, wadda Glover ya fara tarawa a Legas. To ka ga da mu aka yi, ko mun so ko mun ƙi.

Daga nan sai garin ya fara baya a matsayin tashar fatauci. A 1877 aka ɗauke hedikwatar mulki daga Kef Kos aka kai Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara. Layin dogo da aka ja zuwa Kumasi ta Sekondi ya bi, bai bi ta Elmina ba. A 1928 aka buɗe tashar Takoradi inda babban jirgi zai matso har bakin kankare, a 1962 aka buɗe ta Tema. Wa kuma zai nemi kwale-kwale ya yi masa dakon koko? Irin abin da ya sami garuruwanmu na kan tsohuwar hanyar fatake ne da kwalta ta bi ta wani wajen. Bambancin kawai, su Elmina da fatauci ya gudu sun juya sun ga teku na nan cike da kifi, ga Benya na nan, ga gishiri da suke dafawa a bakin tafkin tun da can, sai garin gaba ɗaya ya koma na su.

Nan ne fa na fi jin daɗin kallo don harka ce da na sani. Jirginsu daga gungumen itace ɗaya ake sassaƙa cikinsa a dajin cikin ƙasa, a ɗauko a tirela a kawo gaɓa, kafintoci su ɗora katakai a gefe su ƙara masa tsayi. Sunan itacen wawa. Da ɗan kawuna ya faɗa min na ɗauka zagina yake, ashe haka suke kiransa, itace ne mara nauyi da ba ya saurin nutsewa, kuma yanzu manyansa sun yi wuya a daji shi ya sa kuɗin jirgi yake ta hawa. Babban jirgi da na auna da ƙafa ya kusa taku ashirin, yana ɗaukar mutum goma sha biyar zuwa ashirin, namu na gulbi a cikinsa sai ka jera huɗu. Da can filafili ne da tanti na iska. Wajen ƙarshen shekarun 1950 aka fara kawo injin da ake maƙalawa a jikin jirgi, yau kusan kowa Yamaha mai doki 40 yake ɗaurawa. Sai zaren roba ya maye gurbin na auduga, koma ta daina ruɓewa, aka samu damar yin ƙatuwa wadda za a zagaye garken kifi gaba ɗaya a zuge gindinta kamar bakin jaka. Ɗaya daga cikin irin waɗannan komar sunanta watsa, wannan ma sai da na yi dariya, mu watsa tarwatsawa ce su kuma tarawa.

Tsarin shugabancinsu kuwa kamar ka ɗauko namu ka fassara. Suna da sarkin masunta, apofohene, shi ne sarkin ruwansu, shi ke raba rigima in koma ta hau koma, shi ke tara mutane in jirgi bai dawo ba. Amma akwai kujerar da mu ba mu da ita, ta konkohemaa, sarauniyar masu sayen kifi. Da jiragen farko sun shigo da safe ita da mutanenta ne ke zama da masu jirgi a yanke farashin daro na ranar. Kuma kar ka raina matan nan don ka gan su da ɗaurin ƙirji cikin hayaƙi, da yawansu su ne masu kuɗin harkar, mace ce za ta ba da kuɗin mai da na abinci kafin a fita, wata ma injin nata ne ko jirgin dungurungum, sharaɗin kawai in an dawo ita za a fara sauke wa. In an sayar a cire kuɗin mai, sauran a raba tsakanin mai kaya da ma'aikata. Wannan bashin shi ke riƙe da garin, kuma shi ne igiyar da ke shaƙe shi in kifi ya ƙi, don jirgin da ya fita sau uku ya dawo wayam bashin mai uku ne a wuyan mutum ɗaya, irin dai yadda dillalan Hadeja ke ba masuntanmu kuɗi tun kafin ruwa ya janye.

Murhun bandarsu ma abin koyi ne. Ana kiransa Chorkor, sunan wata unguwar masunta a Akra inda aka ƙirƙiro shi wajen 1969 da taimakon hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ginin laka ne mai kusurwa huɗu, sai faifan katako masu ragar waya a jera su a kan juna har goma ko fiye, hayaƙi ɗaya ya ratsa duka. Na tsaya na ƙirga itacen da wata tsohuwa ta sa, wallahi da shi a wajenmu rabin kifin nan ba zai bushe ba. Na zana shi a bayan takardar mota na zo da shi gida, amma wannan wani labarin ne.

Kifin da ya ɗauki nauyin duk wannan ba wani ƙato ba ne. Ɗan ƙarami ne, dangin wanda masu kifin ƙanƙara ke sayar mana da sunan shawa, su suna ce masa eban. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasan teku mai sanyi yana tasowa sama ɗauke da abinci, kifin ya biyo shi garke garke ya matso kusa da gaɓa, wannan ita ce kakarsu, a wata ukun nan ake biyan bashi a yi aure a sa yara a makaranta. Wani dattijo mai gyaran koma da muka zauna da shi, yana Hausa kaɗan kaɗan don ya yi zama a zango, ya ce min lokacin yana saurayi akwai ranar da sai an zubar da wani kifin a teku don jirgi ya kusa nutsewa, mata kuma su ƙi saye don itacen banda ya ƙare.

To kifin nan ne ya tafi. Alƙaluman da ake kafa hujja da su sun nuna a 1996 an kama sama da tan 135,000 na irinsa a Gana, a 2016 bai kai tan 30,000 ba. Shekara ashirin kacal, kusan kashi huɗu cikin biyar sun ɓace. In ka tambayi mai kwale-kwale laifin wa, kafin ka rufe baki zai nuna maka can tsakiyar teku ya ce manyan jirage. Kuma yana da gaskiya, amma ba duka gaskiyar ba kenan.

Bari in fara da tasa. Akwai manyan jiragen ƙarfe masu jan taru a ƙasan teku, suna ɗauke da tutar Gana da sunan kamfanin ɗan ƙasa a takarda, amma binciken wata ƙungiyar kare muhalli mai suna EJF ya nuna kusan kashi 90 cikin ɗari masu su na ainihi 'yan Caina ne. Lasisinsu na kifin ƙasan ruwa ne, kuma doka ta hana su shiga yankin kusa da gaɓa da aka ware wa ƙananan masunta. Abin da suka riƙa yi shi ne su kwashe har ƙananan kifin nan na talaka, 'ya'yan da ba su kai haihuwa ba, su daskarar da su allo allo kamar bulo, cikin dare wasu manyan kwale-kwale na musamman su je can tsakiyar ruwa su saya su kawo gaɓa. Sunan wannan harka saiko, haramtacciya ce a doka, kuma lokacin da take tashe babbar matattararta ita ce Elmina ɗin nan. EJF ta ƙiyasta a 2017 kaɗai kusan tan 100,000 aka shigo da shi ta wannan hanyar. Ka duba abin takaicin, mace mai banda wadda mijinta ya dawo hannu rabbana dole ta sayi bulon saiko don murhunta kar ya mutu, wato da kuɗinta take ciyar da abin da ke kashe sana'ar mijinta, kuma ba za ka zarge ta ba don yara na jiran abinci. Kan irin wannan sakaci Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi a 2013, ta janye a 2015, ta sake ba ta a 2021, daga nan ne aka ɗan matsa wa saiko lamba.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne wanda ba a so a faɗa a gaban sarkin masunta. Kwale-kwalen kansu sun yi yawa, sun haura 12,000 a gaɓar da ba ta kai kilomita 600 ba. Me ya sa suke ƙaruwa alhali kifi na raguwa? Na farko ba wani aikin. Na biyu gwamnati tana sayar musu da man injin a farashi mai rahusa, wani fetur da aka riga aka haɗa da baƙin mai, ana rabawa ta hannun kwamitin kowace gaɓa, kuma tunda abu ne na rahusa da ke bi ta hannun kwamiti ba sai na gaya wa ɗan Najeriya yadda ake yi da shi ba, mun ga takin gwamnati. Rahusar ta sa jirgin da a lissafin gaskiya ya kamata ya haƙura yana ci gaba da fita. Da kifi ya ƙara wuya sai aka shiga dabaru, a ɗauki janareto a jirgi a zura ƙwan fitila mai ƙarfi cikin ruwa da dare kifi ya taru, babba da jariri, a zagaye su, wasu har da nakiya da guba, idon koma kuma kullum ƙara tsukewa yake. Duk doka ta hana. Kowa kuma amsarsa ɗaya, in na bari maƙwabcina ba zai bari ba, kuma a fara hana manyan jirage tukuna.

A cikin wannan halin ne aka zo aka gina tasha. An aza harsashi a 2020, shugaban Gana na lokacin Akufo-Addo ya buɗe ta a watan Mayun 2023, wani kamfanin Beljiyam ya yi aikin, kuɗin ya kai wajen Yuro miliyan 80. Ni da na gani ba zan ce aikin banza ba ne, ƙarya zan yi. An jibge manyan duwatsu an yi katanga mai karya igiyar ruwa ta miƙe cikin teku, an yashe bakin Benya da yashi ya cike, an yi dakalin kankare na sauke kaya, rumfar kasuwa, wurin ɗinkin koma, har da wajen renon yara don matan da ke yini a bakin ruwa. Kafin haka in ruwa ya janye jirgi mai kaya sai ya tsaya a waje yana jira, kifi na lalacewa a rana, kuma a daidai bakin shigar nan jirage sun sha kifewa mutane sun mutu gida na kallonsu. Wanda ya taɓa rasa ɗa a wurin ba zai yarda ka kushe katangar nan ba.

Sai dai duk abin da tashar ta gyara ɓangaren saukewa ne. Ta sa fita ta yi sauƙi, dawowa ta yi sauƙi, jirgin da ya fi girma ya sami wurin tsayawa, na wasu garuruwa ma su zo su raɓa. In ka lura duk ci gaban da garin ya gani tun daga injin zuwa zaren roba zuwa man rahusa zuwa kankare, kowanne ƙarfin kamawa ya ƙara, ba ko ɗaya da ya ƙara kifi guda a cikin ruwa. A ganina da an yi wannan tashar a 1975 da ta zama alheri tsantsa don lokacin matsalar ita ce kifi ya fi ƙarfin gaɓa. An yi ta ne a lokacin da gaɓa ta fi ƙarfin kifi. Kuma na gane dalilin da ya sa gwamnati ta fi son ta, tasha ana ganinta, ana ɗaukar hoto a kanta, ana sa allo da suna. Hana jirgin mai uwa a gindin murhu shiga ruwan talaka kuwa ba hoto, sai rigima, kuma cewa masunci dubu su ajiye janareto ƙuri'a dubu ce ka zubar.

Ba wai ba a taɓuka komai ta can ɓangaren ba. An so rufe teku na wata guda a 2018 masunta suka tayar da ƙayar baya aka fasa, a 2019 aka yi na farko daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuni, masana suka ce ai ba lokacin ne kifin ke ƙwai ba, daga baya aka mayar da shi Yuli. A 2023 aka dakatar da rajistar sababbin kwale-kwale na shekara uku. A 2025 aka yi sabuwar doka da ta faɗaɗa yankin ƙananan masunta daga mil 6 zuwa 12. Abin da ya ba ni mamaki shi ne hutun ruwa ba baƙon abu ba ne a wajensu ko kaɗan. Ranar Talata ba a fita teku, tun kaka da kakanni. Kuma duk shekara ana rufe Benya na makonni, ba mai jefa koma, sai Talatar farko ta watan Yuli a yi bikin Bakatue, sarki ya fito, a jefa birgi sau uku, sannan a buɗe wa kowa. Wannan ba ɗan sanda ba soja amma ana bi. Na gwamnati kuwa sai an fito da sojan ruwa. Na tambayi dattijon nan dalili, ya ce na gargajiya kowa ya san ba wanda zai ci a bayan idonsa, na gwamnati kuwa kai kana zaune a gida da yunwa kana hango fitilar babban jirgi a teku.

Da yamma kafin mu tafi muka koma kan sabon dakalin. Wani jirgi ya shigo, na ƙirga mutum goma sha bakwai a ciki, sun kwana a ruwa. Mata suka taso da daruka sun fi ashirin. Daro uku aka cika, na huɗun rabi, kuma da aka zazzage komar, leda da robar ruwa sun kusa kai kifin yawa. Ba wanda ya yi hayaniya, matar da ta ba da kuɗin mai ta ɗauki ukun, sauran suka juya da darukansu a kife a ka.

Wannan na ba su labari a gindin ɗorawa, wani yaro ya ce ai mu ba mu da jirgin Caina a Hadeja. Haka ne. Namu ya zo ta wata fuskar, tun da aka datse Tiga a 1974 da Challawa a 1992 ambaliyar da ke shiga fadama ta kwanta wata da watanni kifi ya yi ƙwai a cikin ciyawa ta canja, ruwa ya koma zuwa kaɗan kaɗan duk shekara ba ya bushewa ba ya cika, kachalla ta samu yadda take so ta toshe hanyoyin ruwa, wani wajen jirgi ma ba ya ratsawa. Sauran kuma mu muka yi da hannunmu, dumba daga wannan gaɓa zuwa waccan ba ko ƙofar da tarwaɗa ɗaya za ta wuce, gidan sauron da asibiti ta raba wa masu ciki ya koma taru, masu zuba gamalin kuma kowa ya san su ana gaisawa da su a masallaci. Karfasar da nake bandawa yanzu da Baba ya kamo irinta yana yaro sai kakanmu ya ja masa kunne ya sa ya mayar ruwa. Ni ban ƙi a yi mana dakali ba, in an yi zan sauke kayana a kai in daina shiga taɓo har cinya, ɗakin sanyi ma ina so in har za a samu wutar da za ta riƙe shi, abin da nake shakka kenan a garin da cajin waya sai an kai shago.

Baba duk bai ce komai ba har na gama. Sai da aka fara kiran magariba mutane suna miƙewa ya ce, "Kai, zo nan. Komar tasu da ka gani, idonta ya kai nawa?" Na ce Baba ƙaramin yatsana bai shiga ba. Ya ɗaga tasa da yake ɗinki ya zura yatsa biyu a ido ɗaya ya nuna min, ya ce wannan ta zamanin babanka ce, yanzu duk garin nan ni kaɗai nake da irinta, kuma jiya da ita na kwana a ruwa na dawo da kurungu huɗu. Ya naɗe ta ya saɓa a kafaɗa, ya ce in biya ta gida bayan isha in nuna masa zanen murhun nan.